Nana Asma'u da Ƴan Taru

Kai mai karatu, in ka tashi daga Takanamat ka bi ta Tawa har ka kai Ƙwanni, to ka kusa ƙasar da wannan mace ta yi zamanta. Sunanta Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Hodiyo. Shi Shehu nan wajenmu anka haife shi, a Maratta kusa da Galmi, cikin 1754. Ita kuwa a Degel anka haife ta, cikin 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan.

Ba ta wuce shekara 11 ba sa'ad da jama'ar Shehu sunka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa, amma karatu bai tsaya ba a gidansu. Ta iya Larabci da Hillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye, wanga da muke ji kullum a kasuwarmu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin wanta Muhammadu Bello.

To ga inda maganar take. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su san ko bihim ba. Wasu mazansu sun mutu, wasu kamo su anka yi. Littattafai da Larabci suke, malamai kuma suna birni. In kai ne, mi za ka yi? Dakata ka yi tunani kahin ka ci gaba.

Ita dai ba ta ce sai kowace ta zo birni ba. Tsakanin 1830 da 1840 ta shiga zaɓen dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji. Ka san jaji, shi ne mai shiga gaban ayari. Sai ta aza mata malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa an san ta a kan Innar Gobir, shugabar ƴan bori. Asma'u ba ta jefar da ita ba, ta ɗauki abin da mata sunka saba girmamawa ta mai da shi alamar karatu. Ni a ganina nan ne babbar dabararta.

Jaji takan tattara ƴan mata da tsofaffi, su yi ayari su taho Sakkwato a ƙasa. Masu goyo da hidimar gida su zauna. Sukan riƙo ɗan hatsi ko zuma ko zane, ita kuma ta raba ma mabukata. Su zauna tare, su kawo tambayoyinsu da na waɗanda sunka bari gida, kan salla da aure da gado da zaman tare. Darasin cikin waƙa yake, don waƙa ba ta da wuyar riƙewa. Ta yi wata wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka. In sun koma, jaji ta tara matan gari, a rera, a tsaya a yi bayani, mai tambaya ta yi. Don haka anka kira su Ƴan Taru.

Kun lura ajinmu na yaƙi da jahilci da wannan ya yi kama. Amma sau nawa nike tambaya, aji ya yi tsit, kowa na jiran babba ya fara? In an fita sai a tsaya bakin rijiya ana ta magana. Haka ma taron gari kan bankin cimaka. Wanda kuma ya hana matarsa zuwa aji, ya sani Shehu da kansa ya yi faɗa a rubuce da masu barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci.

Asma'u ta rasu cikin 1864, anka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar Ƴan Taru. Rubuce-rubucenta wajen 60 sun kawo gare mu, an kuma tara su cikin littafi guda a 1997.