Tarihin Imamu Malik ɗan Anas, Limamin Madina



Kowa a cikinmu in an tambaye shi zai ce mazhabar Malikiyya yake bi. Amma kaɗan ne suka san ko wane ne Malik. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa a wannan fitowa, tun da ana yawan kiran sunansa wajen gardama.

An haifi Malik ɗan Anas a Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira, wato 711, kusan shekara 80 bayan wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Asalin kakanninsa mutanen Yaman ne. Malamai sun ruwaito cewa uwarsa ce ta yi masa shiri, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin malam Rabi'a, ta gargaɗe shi ya fara koyon ladabin malam kafin iliminsa. Ya yi karatu kuma wurin Ibnu Hurmuzu da Zuhuri da Nafi'u. Shi Nafi'u ɗin nan yaron gidan Abdullahi ɗan Umar ne, sahabin Annabi. Ke nan a wannan hanya mutum biyu kawai ke tsakanin Malik da Annabi.

Tun daga haihuwa har mutuwa a Madina ya zauna, ba ya fita sai in zai tafi hajji. In zai karantar da hadisi sai ya yi alwala, ya sa tufafi masu tsabta, ya shafa turare. Ba ya hawan dabba cikin garin, don girmama ƙasar da Annabi ke kwance a ciki.

Babban littafinsa shi ne Muwaɗɗa. Ya fara shi da lokutan salla da tsarki, ya bi ta kan azumi da zakka da hajji, har ya kai ga aure, saki, ciniki da rabon gado. Wajen yanke hukunci Alƙur'ani yake fara dubawa, sa'an nan Sunna. Yana kuma ba aikin mutanen Madina ƙarfi, domin sun gaji ibadarsu ɗa daga uba tun zamanin sahabbai.

Halinsa uku muke so mu tsaya a kansu. Na farko, ba ya jin kunyar faɗin bai sani ba. An ruwaito cewa an taɓa yi masa tambaya 48, ya ce bai san amsar 32 ba.

Na biyu, ba ya sayar da gaskiya. A shekara ta 762 aka yi tawaye a Madina a kan sarautar Abbasawa. Malik yana karantar da cewa sakin da aka yi wa mutum dole a kansa bai saku ba. Mutane suka gane cewa mubaya'ar dole ma haka take. Gwamnan garin, Ja'afar ɗan Sulaimanu, ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Bai janye maganarsa ba. Daga baya Halifa Mansur da kansa ya ba shi haƙuri.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Halifa ya so a mai da Muwaɗɗa doka guda, a tilasta ta a kan dukan Musulmi. Malik ya ƙi. Dalilinsa, sahabbai sun warwatsu cikin ƙasashe, kowane gari ya karɓi ilimi daga wanda ya sauka a cikinsa, saboda haka a bar kowa da abin da ya riske shi.

Ya rasu a shekara ta 179, wato 795, aka binne shi a Baƙi'a. Allah ya jiƙan sa. Cikin almajiransa akwai Imamu Shafi'i, shi kuma Shafi'i ya karantar da Ahmad ɗan Hambali. Ashe limaman mazhabobi malami da almajiri ne.

Yaya iliminsa ya zo mana? Almajirinsa Ibnu Ƙasim ya kai shi Masar. Sahanunu na Ƙairawan, cikin ƙasar Tunis, ya ɗauka wurin Ibnu Ƙasim, ya tara shi cikin Mudawwana. A Ƙairawan ɗin ne Ibnu Abi Zaidi, wanda ya rasu a 996, ya wallafa Risala. Fatake da malamai suka ƙetaro Sahara da littattafan nan zuwa Tumbutu da Agadas da Katsina. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala da Askari da ake karantawa a zaurukan malamanmu, duk a kan mazhabarsa suke.

To, ƴan'uwa, ga inda maganar ta dosa. Samari na dawowa daga bida suna kama hannu a salla, dattawa kuma na sakin nasu yadda suka tashi suka tarar. A kan wannan har ɗa ya daina bin ubansa salla, har unguwa guda ta rabu masallaci biyu. Alhali hadisin ɗora hannun dama bisa na hagu yana cikin Muwaɗɗa, maganar sakin hannu a sallar farilla kuma tana cikin Mudawwana. Duk littattafan gida ɗaya ne, kuma ko wanne mutum ya yi, sallarsa ta yi. Allah ɗaya muke bauta wa, Annabi ɗaya muke bi, alƙibla ɗaya muke fuskanta.

Muna roƙon samari su riƙe ladabin da uwar Malik ta fara sa shi koyo. Muna roƙon iyayenmu su yi haƙuri, su saurari hujjar yaro kafin su kore shi. Wanda bai sani ba ya tambayi malam. Mutumin da ya hana halifa tilasta littafinsa a kan jama'a, bai kamata mu raba zumunci da sunansa ba.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maido da na nesa gida lafiya. Amin.