Carmen McRae

Carmen Mercedes McRae (8 ga Afrilu, 1920 – 10 ga Nuwamba, 1994) mawaƙiyar jazz ce kuma makaɗiyar fiyano 'yar ƙasar Amurka. An san ta da jinkirta murya kaɗan a bayan kiɗa da kuma fitar da kowace kalma dalla-dalla. Faifanta na girmama Thelonious Monk, wato Carmen Sings Monk, na cikin ayyukanta da suka fi shahara.

Farkon rayuwa

An haife ta a unguwar Harlem da ke birnin New York, iyayenta kuma 'yan asalin Jamaika ne. Ta fara koyon fiyano tana shekara 8. Tana budurwa ta haɗu da Billie Holiday, wadda ta fi kowa tasiri a kan salon waƙarta. A shekarar 1939 ta lashe gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Apollo, a shekarar ce kuma Holiday ta ɗauki waƙar Dream of Life wadda McRae ta rubuta.

Sana'a

Ta yi waƙa da ƙungiyar Benny Carter a 1944, sannan da ta Mercer Ellington. A lokacin tana auren makaɗin ganguna Kenny Clarke, shi ya sa faifanta na farko ya fito da sunan Carmen Clarke. A 1948 ta koma Chicago, inda ta shafe shekaru tana kiɗan fiyano da waƙa a ƙananan gidajen rawa kafin ta dawo New York. A 1954 mujallar DownBeat ta zaɓe ta gwarzuwar sababbin mawaƙa mata, tana da shekara 34. Daga nan ta yi faifai da dama a kamfanin Decca. A farkon shekarun 1960 ta yi aiki da Dave Brubeck da Louis Armstrong, ta kuma fitar da faifai na waƙoƙin Billie Holiday bayan rasuwarta.

Faifan girmama Monk

Thelonious Monk, wanda ya rasu a 1982, makaɗin fiyano ne da ya tsara kiɗe-kiɗensa don kayan kiɗa da busa. Sautinsu na tsalle daga ƙasa zuwa sama ba zato, yana kuma tsayawa inda mai sauraro bai yi tsammani ba. Saboda haka, in ban da 'Round Midnight, mawaƙa kaɗan ne suka yi ƙarfin halin rera su. McRae ta san Monk tun zamanin gidan Minton's Playhouse na Harlem, inda shi da Kenny Clarke suke kiɗa a farkon shekarun 1940, lokacin da salon bebop ke tasowa.

An ɗauki faifan a 1988, tana dab da shekara 70. Wani ɓangare an ɗauke shi a gaban 'yan kallo a San Francisco tare da Charlie Rouse, mai busa saksofon da ya yi fiye da shekara 10 a ƙungiyar Monk, wanda kuma ya rasu kafin ƙarshen wannan shekarar. Sauran an ɗauke su a situdiyo, inda Clifford Jordan ya yi busa. George Mraz da Al Foster suna cikin makaɗan. Jon Hendricks da Abbey Lincoln na cikin waɗanda suka rubuta baitocin, kuma an sauya wa yawancin kiɗe-kiɗen suna: Ruby, My Dear ta koma Dear Ruby, Straight, No Chaser kuma ta koma Get It Straight. McRae ta bi sautin Monk yadda ya tsara shi, ba ta sauƙaƙa wa kanta ba. Faifan ya fito a 1990 a kamfanin Novus, ya kuma sa ta shiga takarar lambar yabo ta Grammy.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Bayan rasuwar ƙawarta Sarah Vaughan a 1990, ta yi faifan Sarah: Dedicated to You tare da Shirley Horn a fiyano, wanda ya fito a 1991. McRae ta daɗe tana shan taba, har ta kamu da ciwon huhu. A watan Mayun 1991 numfashinta ya sarƙe jim kaɗan bayan wasa a gidan Blue Note na New York, daga nan ba ta sake hawa dandali ba. A 1994 hukumar tallafa wa fasaha ta Amurka ta ba ta lambar NEA Jazz Master. Ta rasu a gidanta da ke Beverly Hills, jihar California, bayan bugun jini, tana da shekara 74.