George Boole, Ɗan Badukun da Ya Mayar da Manɗiƙi Lissafi

An haifi George Boole a birnin Lincoln na Ingila a 1815. Mahaifinsa baduku ne mai ƙaramin ƙarfi, saboda haka bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Da kansa ya naƙalci lissafi. Duk da haka, a 1849 aka naɗa shi farfesa a Cork ta ƙasar Ayalan. A littafinsa na 1854 ya nuna cewa ana iya warware mas'alolin manɗiƙi da ƙa'idojin aljabara. Ya rasu a 1864 bai ga ranar aikinsa ba. Sai a 1937 Claude Shannon ya yi amfani da aljabarar wajen tsara makunnan lantarki, waɗanda su ne ginshiƙin kwamfuta a yau.