Paul Ehrlich

Paul Ehrlich (14 ga Maris, 1854 – 20 ga Agusta, 1915) likita ne kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, yana cikin waɗanda suka kafa ilimin garkuwar jiki. Ya samu kyautar Nobel a 1908 tare da Élie Metchnikoff.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Strehlen, wanda yanzu yake cikin Poland. Ya kammala karatun likita a Leipzig a 1878. Tun yana ɗalibi yake rina jini da tsoka don dubawa a madubin likita, kuma ta haka ya rarrabe ire-iren fararen ƙwayoyin jini. Ya kamu da tarin fuka, ya tafi Masar jinya a 1888.

Aiki

Bayan dawowarsa ya yi aiki da Robert Koch a Berlin. Shi ya fito da hanyar auna ƙarfin maganin mashaƙo na Emil von Behring. A 1909, shi da Sahachiro Hata suka gano Salvarsan, maganin tunjere.

Ra'ayinsa kan garkuwar jiki

A 1897 Ehrlich ya bayyana cewa ƙwayoyin jiki suna da makamai a bayansu tun kafin cuta ta shigo. Idan dafi ya dace da ɗaya, kamar makulli da kwaɗo, sai ƙwayar ta ƙera irinsa da yawa ta zuba cikin jini. Waɗannan ne ake kira antibodi.

Masana da dama sun ƙi yarda, domin ba su ga yadda jiki zai tanadi makami ga kowane dafi ba. Amsar ta zo a 1976, lokacin da Susumu Tonegawa ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini nau'in B suna yanka ƙwayoyin gadonsu su sake haɗawa. Gutsattsarin iri uku ne, V, D da J, kuma kowace ƙwaya da nata haɗin, shi ya sa ake samun miliyoyin antibodi mabambanta. Ƙwayoyin T ma haka suke gina nasu makaman. Wannan ya tabbatar da tushen ra'ayin Ehrlich.

Mutuwa

Ya mutu a Bad Homburg sakamakon shanyewar jiki, aka binne shi a Frankfurt.