Clara Muhammad: Uwar da ta Mayar da Ɗakinta Makaranta

A wannan fitowar za mu tsallaka teku ne zuwa Amurka, domin mu duba rayuwar wata baiwar Allah wadda har yanzu akwai makarantun Musulmi baƙaƙen fata da ke ɗauke da sunanta.

An haifi Clara Evans a shekarar 1899 a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta fi tsanani. Karatunta bai yi nisa ba. Ta auri wani matashi mai suna Elijah Poole, kuma a 1923 suka yi ƙaura zuwa birnin Ditiroyit neman abin sawa a baki, kamar yadda dubban baƙaƙen fata suka yi a wancan zamani. Da tattalin arziki ya karye a 1929 sai maigida ya rasa aiki, ya kama shan giya. Ita ce ta riƙa zuwa aikatau gidajen Turawa don yara su ci. Allah Ya ba su 'ya'ya takwas.

A cikin wannan hali ne wani ɗan koli mai suna Fard ya bayyana a 1930, yana bi gida gida da tallar yadin siliki, yana kuma gaya wa baƙaƙen fata cewa Musulunci ne addinin kakanninsu. Clara da mijinta suka bi shi, mijin ya bar giya, ya koma Elijah Muhammad, daga baya ya shugabanci ƙungiyar da ake kira Nation of Islam. A nan dole in faɗi gaskiya: aƙidar wannan ƙungiya a lokacin ta saɓa wa tauhidi, domin sun ba Fard matsayin allantaka, sun kuma ɗauki Elijah manzo. Wa'iyazu billahi. Amma mu tuna mutane ne da bauta ta raba kakanninsu da addini da harshe, ba su da malamin da za su tambaya.

Abin da ya dami Clara shi ne makarantun gwamnati, inda ake nuna wa ɗan baƙar fata cewa shi ba kowa ba ne, ba shi da tarihi sai na bauta. Sai ta cire 'ya'yanta, ta soma koya masu karatu da rubutu da lissafi a cikin gidanta, 'ya'yan sauran mabiya suka biyo baya. Doka ta tilasta kai yaro makarantar da hukuma ta amince da ita, don haka jami'ai suka zo har ƙofar gida da barazana. Ta ƙi ba da kai. A 1934 'yan sanda suka kai samame makarantar, wadda aka sa wa suna Jami'ar Musulunci duk da cewa ta ƙananan yara ce, suka kama malamai, har mijinta ya gurfana gaban alƙali. Makarantar dai ba ta mutu ba, sai ma aka buɗe wata a Shikago.

Ki duba lamarin nan, 'yar uwa. Mu da muke koyarwa a Islamiyya, iyakar fama da muke yi da wasu iyaye shi ne su turo yaro kan lokaci. Ita kuwa kurkuku ke jiranta, ga shi ba ta da takardar shaidar malanta ko guda.

Daga 1942 zuwa 1946 an ɗaure mijinta saboda ƙin yin rajistar aikin soja. Ita ta riƙe gida da ƙungiya, tana kai masa ziyara, tana dawowa da saƙonninsa. Ta kuma haɗiye baƙin ciki mai yawa daga baya, da aka gane ya haifi 'ya'ya da wasu sakatarorinsa.

Ta rasu a watan Agusta na 1972. Cikin yaran da suka tashi a wannan makaranta akwai ɗanta Wallace, wanda ya koyi Larabci, ya karanta Alƙur'ani da kansa, ya ga abin da ke ciki bai dace da koyarwar mahaifinsa ba, har aka kore shi daga ƙungiyar ba sau ɗaya ba. Da mahaifin ya rasu a 1975 shi aka ba shugabanci. Ya koma Warith Deen, ya ja dubban mabiya zuwa ga shahada ingantacciya da salloli biyar da azumin Ramadan, sa'annan ya sauya wa makarantun suna zuwa Makarantun Sister Clara Muhammad.