George Percy Bargery

George Percy Bargery (1876–1966) Bature ne ɗan Ingila, masanin harshen Hausa. An haife shi a Exeter. Ya zo Arewacin Najeriya a 1900 a matsayin ɗan mishan, daga baya ya koma aikin ilimi na gwamnati.

An fi saninsa da ƙamusun Hausa da Turanci da aka buga a 1934. Bai tsaya ga Kananci kaɗai ba: ya tattara kalmomin Sakkwato, Katsina, har da na Haɗejiya, yana nuna inda ake faɗar su. Shi ya sa masu nazarin karin harshe suke duba ƙamusun har yau.

Ya koyar da Hausa a SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Jami'ar Landan, har 1947.