Bargery, Mai Ƙamus

Ran nan ina gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da GRA a nan Bauchi, na rubuta gashi a allo. Wani yaro ya shafa kansa, wani kuwa ya ce nama a kan wuta. Duka biyu ba su yi kuskure ba, gama rubutun boko ba ya nuna dogon wasali. Da na koma na buɗe ƙamus, sai na ga ashe wani ya riga mu shan wannan wahala.

Shi ne G. P. Bargery. An haife shi a Exeter ta ƙasar Ingila cikin 1876. Ya zo ƙasar Hausa cikin 1900, yana ma'aikacin mishan na C.M.S. Bayan shekara goma ciwo ya komar da shi gida, amma ya sāke dawowa, ya shiga aikin ilmi na Gwamnati. Cikin 1921 aka ɗora masa aikin tattara kalmomin Hausa. Ya yi ta bin garuruwa yana sauraron bakin mutane, ya kan kuma rubuta inda a ke faɗin kalma, ko Katsina, ko Sakkwato. Ƙamus ɗin ya fito cikin 1934, da kalmomi wajen 39,000.

Abin da ya shafe mu, mu masu koyon malanta, shi ne bai yarda ya bar kalma tsirara ba. Ya kan rubuta ta yadda kowa ya saba, sa'an nan ya nuna wasalin da a ke ja, da inda murya ke hawa ko sauka. Da haka dafa tuwo ya rabu da dafa kafaɗa, fitowa daga ɗaki ta rabu da fito da baki. Masu ajami sun daɗe suna ja da alifi, da wawu, da ya; a nan kam sun fi mu. Ni dai a gani na, yaro ya fara jin bambancin da kunnensa, ya sa kalmar cikin magana, kāna a kai shi ga allo. Haka na yi washegari, aji ya kwashe da dariya, amma sun gane.

Bargery ya koyar da Hausa a London daga 1935. Cikin 1953, yana tsoho, ya komo Kano don gyaran fassarar Sabon Alkawari. Ya rasu cikin 1966, yana da shekara 89.